Tambarin Ƙungiyar Ƙwallo: A Rage Ado Ko A Riƙe Gado?

Duk wanda ke bin labarin wasan ƙwallon ƙafa a 'yan shekarun nan ya san wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu mallakar manyan ƙungiyoyi da magoya bayansu. Gardamar kuwa a kan ɗan zanen nan take wanda ake liƙawa a ƙirjin rigar ɗan wasa, wanda faɗinsa bai kai tafin hannu ba, wanda wasu ke kira bajo, wasu alama, wasu kuma tambari. Masu ƙungiyoyi suna cewa zamani ya sauya, a rage wa tambari ado domin ya fita sarai, a gane shi da kallo ɗaya. Magoya baya kuwa suna cewa kada a kuskura a taɓa shi, domin gado ne da suka tarar a ƙirjin iyayensu.

Watakila mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada, ai wannan rigimar Turawa ce. To, amma in an duba da kyau za a ga ta shafe mu. Daga birnin Katsina zuwa Kankiya, daga Kusada zuwa Mawashi, da wuya a sami garin da ba shi da ƙungiyar samari masu fita filin makarantar firamare bayan la'asar. Kowace ƙungiya kuwa, ranar da ta tara kuɗin riguna, sai ta tsaya ta yi shawarar abin da za ta sa a ƙirji. Bayan haka ga ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi ke ɗaukar nauyinsu da kuɗin jama'a, waɗanda ke yawo da sunan jiha a ko'ina cikin ƙasa. Saboda haka ya kamata mu san abin da ake gardama a kansa, mu kuma san inda muka tsaya.

ASALIN KALMAR

Kafin a kai ga Turai, bari mu fara da kalmar kanta. Tambari a wurin Bahaushe ganga ce ta sarauta, wadda ba a kaɗa wa kowa sai sarki. In aka ji sautinta an san wanda ke tafe, ko ba a gan shi ba. A fadar Katsina, cikin kayan sarautar da ake ji da su akwai Gwauron Tambari, akwai kuma takobin nan Gajere da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Korau. Har ila yau maɗinka babbar riga suna kiran zagayayyen zanen nan mai kama da naɗin tabarma tambari, kamar yadda suke da aska biyu da aska takwas.

Ashe ke nan da Hausawa suka ɗauki wannan kalma suka ba alamar kamfani ko ta ƙungiya, ba su yi kuskure ba. Aikin tambari shi ne ya faɗi ko wane ne kai, ya kuma faɗi inda ka fito, ba tare da ka buɗe baki ba. Wannan ita ce ma'aunin da za mu riƙe a cikin wannan bayani.

ABIN DA YA FARU A TURAI

A watan Janairu na 2017 ƙungiyar Juventus ta birnin Turin a ƙasar Italiya, wadda aka kafa tun 1897, ta fito da sabon tambari. Tsohon mai siffar ƙwai ne, da ratsin baƙi da fari, da kambi, da bijimin da ke cikin alamar birnin Turin. Sabon kuwa harafin J ne kawai aka tsara shi da layuka masu kauri. An yi ta surutu, wasu suka ce ya fi kama da alamar kantin tufafi, amma shugabannin ƙungiyar suka tsaya a kan bakansu, har yau shi ake amfani da shi.

Ba kowa ne ya sami yadda yake so haka ba. A 2013 ƙungiyar Everton ta Ingila ta sauƙaƙe nata tambari, ta cire taken ƙungiyar da aka rubuta da Latin, wanda ma'anarsa ita ce babu abin da ya wadatar sai mafi kyau. Ta bar hasumiyar nan ta unguwar Everton, wani ɗan gini da aka yi a 1787 domin tsare masu ƙananan laifuffuka na dare ɗaya, amma ta sauya mata siffa. Fiye da mutum 20,000 suka sa hannu a takardar koke. Ƙungiya ta ba da haƙuri, ta kawo zane uku aka yi ƙuri'a, daga kakar wasa ta gaba aka koma ga tambari mai ɗauke da taken.

A ƙasar Wales, attajirin nan ɗan Malesiya Vincent Tan, mai ƙungiyar Cardiff City, ya sauya rigar ƙungiyar daga shuɗiya zuwa ja a 2012, ya kuma ɗaukaka hoton wani dodo mai fukafukai a kan shuɗin tsuntsun da aka san ƙungiyar da shi. Magoya baya ba su daina zanga-zanga ba sai da aka maido da shuɗi a Janairun 2015. A ƙasar Sifen, Atletico Madrid ta gyara nata a 2017, amma a 2023 da aka ba 'yan ƙungiya dama su yi ƙuri'a, fiye da kashi 88 cikin ɗari suka zaɓi tsohon, aka maido shi a 2024.

Labarin da ya fi ban sha'awa shi ne na Ajax ta birnin Amstadam a ƙasar Holan. Tun 1928 tambarinta hoton kan wani jarumin tatsuniyar Girkawa ne, an zana shi dalla-dalla. A 1990 aka sake zana kan da layi 11 kacal, watau adadin 'yan wasan da ke shiga fili. Masana zane sun yaba da wannan dabara ƙwarai. Duk da haka magoya baya suka shafe fiye da shekara 30 suna neman a dawo musu da na da, har a ƙarshen 2024 ƙungiya ta sanar da cewa ta amince, aka kuma koma gare shi a 2025, shekarar da ta cika 125 da kafuwa.

Abin ya kai har hukuma ta sa baki. A 2022 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta kafa ƙa'idar cewa sai an tuntuɓi magoya baya kafin a sauya tambari ko launin rigar gida. A 2025 kuma majalisar dokokin Birtaniya ta sanya irin wannan sharaɗi a cikin dokar da ta kafa hukumar sa ido a kan ƙungiyoyin ƙwallo.

HUJJAR MASU SON SAUƘI

Adalci ne a saurari kowane ɓangare. Masu neman a rage ado suna da hujjoji uku masu ƙarfi.

Ta farko ita ce ta ido. A da, tambari a jikin allon ƙofar fili ake ganinsa, ko a kan takardar wasiƙa. Yau kuwa mafi yawan masu ganinsa a fuskar wayar hannu suke ganinsa, ko a kusurwar akwatin talabijin, inda girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Duk wani siririn rubutu ko ƙaramin ganye da aka zana a ciki, a wannan girma sai ya koma dunƙulen da ba a gane kansa.

Ta biyu ita ce ta kuɗi. Duk wanda ya taɓa kai riguna wurin mai buga zane ya san kowane launi bugunsa daban ne, saboda haka tambari mai launi biyar ya fi mai launi biyu tsada. Haka nan wurin mai aikin keke, yawan lanƙwasa yawan zare da lokaci. Wannan hujja ta fi shafar ƙungiyar ƙauye da ke tara taro da sisi bisa ga yadda ta shafi attajiran Turai.

Ta uku ita ce ta mallaka. Da yawa daga cikin tsofaffin tambura an aro su ne daga alamun garuruwa, ko kuma an yi ta ƙara musu abubuwa a tsawon shekaru har ba a san wanda ya zana su ba, don haka da wuya ƙungiya ta hana wani ya buga su ya sayar. Wannan na cikin dalilan da suka sa Arsenal ta sake nata a 2002. Ƙungiyar da ba ta mallaki tambarinta a gaban shari'a ba, wasu ne za su ci ribar sunanta.

HUJJAR MASU RIƘON GADO

Su kuma magoya baya cewa suke yi 'yan wasa suna zuwa su tafi, mai horarwa yana zuwa ya tafi, mai ƙungiya ma yakan sayar ya kama gabansa, abin da ke saura shi ne suna da launi da tambari. In aka taɓa waɗannan, me ya rage wanda zai haɗa jika da kakansa? Kuma kowane abu da ke cikin tsohon tambari da dalilinsa. Igwar da ke ƙirjin Arsenal tana tuna cewa ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ne suka kafa ƙungiyar a 1886. Jirgin ruwan da ke cikin na Manchester United da na Manchester City daga alamar birnin aka ɗauko shi, yana nuni ga fataucin da ya gina garin. Harsunan wuta biyu da ke cikin na Liverpool kuwa na tunawa ne da magoya bayanta da suka rasu sanadin turmutsutsun filin Hillsborough a 1989.

Wanda ya dubi waɗannan rigingimu da kyau zai lura da abu guda. Mutanen Everton ba su ƙi a gyara zane ba, ai wanda suka zaɓa da kansu ma ya fi na da tsabta. Abin da suka ƙi shi ne a cire abin da ke faɗin ko su wane ne, a kuma yi haka ba da saninsu ba. Liverpool ta gane wannan. Tun 2012 tsuntsun birnin kaɗai take sa wa a ƙirjin riga, ta mai da harsunan wutar bayan wuya, cikakken tambarin kuma ba ta jefar da shi ba. Manchester City ma da za ta sauya nata a 2015 sai da ta tambayi magoya baya abin da suke so a gani a ciki, shi ya sa aka karɓe shi ba tare da tashin hankali ba.

HALIN DA AKE CIKI A GIDA

In muka dawo Nijeriya, sai mu ga ciwonmu dabam ne. Turawa suna faɗa ne a kan tambarin da ya shekara ɗari. Mu kuwa ƙungiyoyinmu kaɗan ne ke daɗewa har tambarinsu ya zama gado. Mighty Jets ta Jos ita ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972. Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1988. Samari nawa ne a yau za su iya zana tambarin ɗaya daga cikinsu?

Dalili kuwa shi ne yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnati ne ko na kamfani ko na attajiri guda, sunansu da alamarsu suna bin wanda ke biyan albashi. Ƙungiyar Owerri ta fara da sunan Spartans, ta koma Iwuanyanwu Nationale a 1985, ta sake komawa Heartland a 2006. A Fatakwal an narkar da Sharks da Dolphins a 2016 aka sami Rivers United. A nan Katsina, ƙungiyar da aka sani da Spotlight ita ce ta zama Katsina United a 2016, tana wasa a filin Muhammadu Dikko wanda a da ake kira Karkanda. Laƙabin da ake yi mata, watau Changi Boys, kowa ya ji shi zai tuna kalmar canji da ta cika bakin jama'a a zaɓen 2015. Sunan jiha da aka ba ta abu ne mai kyau, domin kowane Bakatsine zai ga tasa ce. Abin da ake fata shi ne a bar wannan suna da alamarsa su zauna, ko wace gwamnati ta zo.

Inda aka bar abu ya zauna, an ga amfaninsa. Kano Pillars tun da aka kafa ta a 1990 sunanta bai sauya ba, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma kirarinta na Sai Masu Gida ya shiga bakin yara da manya, da Hausa, ba tare da an nemi tafinta ba. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki sunan Shehu Muhammadu El-Kanemi na Borno. Wikki Tourists ta Bauchi ta ɗauki sunan maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke dajin Yankari, ana kuma yi mata laƙabi da giwa. Enyimba ta Aba ita ma giwa ce, Rangers ta Inugu kuwa barewa. Maƙwabtanmu na Maraɗi, inda zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suka kafa gari bayan jihadi, sun sa wa wata ƙungiyarsu sunan Ɗan Kasawa, sarkin da ya kafa garin, wata kuma Jangwarzo. Waɗannan sunaye kowa ya ji su ya san ƙasar da suka tsira.

KAYAN ARO

Babban abin damuwa yana can ƙasa, wurin ƙungiyoyin unguwa da na ƙauye. Tun lokacin da Nwankwo Kanu ya yi wasa a Arsenal daga 1999 zuwa 2004, da kuma zaman Mikel Obi a Chelsea daga 2006 zuwa 2017, ga gidajen kallon ƙwallo sun bazu har ƙananan garuruwa, samarinmu suka rarrabu a bayan ƙungiyoyin Turai. Ba laifi ba ne mutum ya so wasa mai kyau. Amma abin ya wuce kallo. Rigunan da suka fi araha a kasuwa, tun daga Kantin Kwari a Kano har kasuwannin ƙauye, su ne masu ɗauke da tamburan waɗannan ƙungiyoyi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga garuruwa biyu maƙwabta suna karawa, waɗannan da igwa a ƙirji, waɗancan da zakin wata unguwa ta Landan. In ma ƙungiya ta yi ƙoƙarin yin nata, sau da yawa sai a ɗauko na Turai a goge suna a rubuta wani.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Igwar Woolwich ba ta faɗin kome game da Mawashi, jirgin ruwan Manchester kuma bai san hanyar Kankiya ba. Irin wannan tambari bai cika sharaɗin masu son sauƙi ba, bai kuma cika na masu riƙon gado ba, tun da gadon na wasu ne.

Akwai kuma wani gefe da bai kamata a yi shiru a kansa ba. Tambari yakan ɗauki abin da ya shafi addinin mutanen da suka yi shi. A cikin na Barcelona akwai gicciye, a saman kambin Real Madrid ma akwai ƙarami, na Manchester United kuwa hoton jan shaiɗan ne riƙe da mashi. Ita Real Madrid da kanta ta cire gicciyen daga wasu kayan da aka yi domin ƙasashen Larabawa, bayan yarjejeniyar da ta ƙulla da wani bankin Abu Dhabi a 2014. In masu abu sun san tambari magana yake yi, bai dace mu mu ɗauka ado ne kurum ba.

GADONMU MAI SAUƘI NE

A nan ne muke ganin gardamar Turawa ba lalle ta zama tamu ba. Su tsofaffin tamburansu daga alamun gidajen sarautarsu suka samo asali, masu cike da garkuwa da kambi da ganyaye da rubutun Latin, shi ya sa in za su sauƙaƙe sai sun yanke wani abu daga jikin gadonsu. Mu kuwa alamun da muka gada tun asali masu sauƙi ne.

A dubi dagin Arewa, wanda magina ke yi a goshin soro, dukawa ke yi a jikin fata, wanda kuma ya zama alamar Jihar Arewa a zamanin Sardauna. 'Yan layuka ne da suka sarƙe da juna, yaro zai iya zana shi da tsinke a ƙasa, amma duk inda aka gan shi an san na ina ne. A dubi aska a gaban babbar riga, a dubi zankwaye a kan soraye. A dubi tsagar fuska ta da, wadda da 'yan layuka kaɗan ake gane Bagobiri daga nesa. A tuna da tutocin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba almajiransa, cikinsu har da Malam Ummarun Dallaje na Katsina: darajarsu ba ta ado ba ce, ta wanda ya bayar ce da abin da aka bayar dominsa. A Jamhuriyar Nijar, gasar kokawa ta ƙasa da aka fara a 1975 abu guda ne alamarta, watau takobi, har ma da sunansa ake kiran gasar.

Ita kanta tutar Nijeriya darasi ce. Zanen da Michael Taiwo Akinkunmi ya gabatar a 1959 yana da jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar, suka bar kore da fari da kore, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960. An rage ado, ma'ana ba ta ragu ba, kuma fiye da shekara 60 ke nan ba a taɓa ta ba. Wannan rashin taɓawa shi ya mai da ƙyalle mai launi biyu abin da mutane ke miƙewa tsaye dominsa.

Jihar Katsina kuwa ba ta rasa abin zana ba. Ga hasumiyar Gobarau, ga rijiyar Kusugu a Daura, ga takobin Korau, wanda labarin gargajiya ya ce da kokawa ya kai ga sarauta. Ga dokin folo, wasan da Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo suka ɗaukaka har aka san Katsina da shi. Gari kamar Mawashi ko Kusada, wanda rayuwarsa ta dogara ga noman gero da dawa da gyaɗa, yana da rumbu, yana da dami, yana da garma, yana da kuka ko tsamiyar da dattawa ke zama ƙarƙashinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya zana shi da layi goma, da launi biyu.

SHAWARA GA MASU ƘUNGIYOYI

Bisa ga abin da ya gabata, ga 'yan shawarwari ga shugabannin ƙungiyoyi, manya da ƙanana.

Da farko, a zaɓi abu guda wanda mutanen gari za su gani su ce wannan namu ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa kome da kome, ƙwallo da tauraro da mikiya da taswira da musafaha, duk a wuri ɗaya. Ƙwallo ma ba dole ba ne, domin duk wanda ya ga mutum 11 cikin fili ya san abin da suka zo yi.

Na biyu, a gwada zanen kafin a biya kuɗin bugu. A ba ɗan firamare ya kalle shi na ɗan lokaci, sa'an nan a ce ya zana daga ka. A rataya shi a raga guda a tsaya a ɗayar a duba. A ƙanƙanta shi a fuskar waya. In ya tsallake waɗannan uku, ya yi.

Na uku, a sa sunan gari a rubuce sosai, in da hali kuma a yi take da Hausa. Amma a guji sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a rigar da za a yi birgima da ita a ƙasa, a kuma jefa ta cikin kayan wanki. Inda jama'a ba su son hoton mai rai a tufafi, gini ko itace ko kayan aiki sun wadatar.

Na huɗu, a yi shawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kai zanen gaban mai gari da dattawa da tsofaffin 'yan wasa da masu zuwa kallo, domin su ne za su ce ko ya faɗi gaskiya game da garinsu. Duk rigingimun Turai da muka lissafa, rashin wannan mataki ne ya haddasa su.

Na biyar ya shafi ƙungiyoyin jihohi. Ya kamata su yi rajistar tamburansu a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke Abuja, domin in riga ta yi kasuwa ribar ta dawo wa ƙungiya. Ya kamata kuma a rubuta a tsarin mulkin ƙungiya cewa ba a sauya suna ko launi ko tambari sai da yardar magoya baya, yadda sabon shugaba ba zai mai da rigar jama'a allon tallan kansa ba. Hukumomin wasanni na ƙananan hukumomi, irin su Kankiya da Kusada, su ma za su iya taimakawa ta hanyar ajiye littafin da za a rubuta sunan kowace ƙungiya da launinta da tambarinta, a kuma ba da 'yar kyauta ga wadda tata alama ta fi dacewa da garinta a lokacin gasa. Malaman zane na makarantun sakandare da maɗinka da magina suna nan, ba sai an je nesa neman gwani ba.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka wuya, shi ne haƙuri. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a sayen tsufa a kasuwa. Igwar Arsenal da tsuntsun Liverpool su ma wata rana sababbi ne, shekaru da nasarori da faɗuwa ne suka ba su nauyin da suke da shi. Ƙungiyar da ta zana rumbu a ƙirjinta bana, ta kuma bar shi a nan shekara 30, to 'ya'yan 'yan wasanta za su tashi su tarar da gado, kuma su ne za su hana a taɓa shi.

Allah ya ba shugabannin wasanninmu ikon duba wannan al'amari, ya kuma haɗa kan matasanmu a kan abin da zai amfani garuruwansu, amin.